Tankin tsohon babur ya fara yoyo: maganin shafawa, walda ko sabon tanki?

Duk mai riƙe da babur ƙirar da, irin su Triumph Bonneville da ya fito a 1959 ko Honda CB750 na 1969, watarana sai ya buɗe marfin tanki ya haska tocila ya ga cikinsa ja wur da tsatsa. Yawanci laifin ruwa ne. Raɓa tana taruwa a tankin da aka ajiye ba a cike ba, kuma fetur ɗin zamani mai haɗin etanol, kamar E10 da ya zama na yau da kullum a Birtaniya a watan Satumba na 2021, yana zuƙar danshi daga iska. Ruwan ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta can ƙasa kusa da bakin famfon mai, ya yi ta cin ƙarfe har ya huda.

Zaɓi uku ne a gabanka: ka wanke ka shafa maganin toshewa daga ciki, ka kai a yi walda, ko ka sayi wani tankin. Ni dai ba zan ɓoye ba, nawa shi ne na farko, amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne maganin ya zama efoksi mai gwangwani biyu, wanda sai an haɗa su an juya kafin ya fara daskarewa. Irin da ake kira phenol novolac, wanda kamfanin Caswell ke sayarwa, shi na fi yarda da shi. Dalilina: ba bushewa yake yi kamar fenti ba, haɗuwar sinadaran biyu ce ke mayar da shi dutse, don haka etanol ba ya narkar da shi. Yana da kauri kamar zuma, yana cike ƙananan huji irin na tsinin allura, kuma ya fi kama ƙarfe mai ɗan kaushi fiye da mai santsi, wanda shi ne halin tankin da tsatsa ta ci. Sai dai yana son haƙuri. A ɗaki mai sanyi ba ya gudana, a zafi kuma yana saurin kamawa. Ka zuba, ka yi ta jujjuya tankin a hankali har ya zagaye kowane lungu, ka tsiyaye ragowar, sannan ka bar shi ya kwana biyu zuwa uku kafin ya ga fetur. Kada ka manta ka cire famfo ka toshe gurbinsa, ka kuma duba ƙaramar kafar iska da ke marfi. In ta toshe, mai zai daina sauka, ka yi ta zargin kafireta a banza.

Masu gwangwani ɗaya kuwa, ni da su haihata-haihata. Na taɓa shafa wani fari mai kama da roba, shekara bai cika ba ya saluɓe kamar saɓar maciji, ya naɗe a bakin famfo, babur ya mutu mini a tsakiyar hanya da dare. Fitar da shi daga tankin ya fi wanke tsatsar farko wahala sau goma. Masu son su za su ce ni ne ban wanke da kyau ba. Ta yiwu. Amma tun ranar, tambayar da nake fara yi wa kowane magani ita ce: in ya ɓaci, ta wace hanya yake ɓaci?

Wankin shi ne rabin aikin ko ma fiye. Ka zuba notuna da ƙananan kusoshi ka girgiza har hannu ya gaji, ka ƙirga su kafin da bayan, domin guda ɗaya kan maƙale. Daga nan sai asid ɗin fosforik, wanda ke cin tsatsa ya bar wani ɗan baƙin rufi mai kare ƙarfe. Ruwan khal ma yana yi, amma a kwanaki. Akwai kuma hanyar lantarki: ruwa da sodar wanki, wayar cajar batir mai alamar (−) a jikin tanki, mai alamar (+) a jikin sandar ƙarfe da aka rataya a ciki ba tare da ta taɓa bango ba. Asid ɗin haidirokulorik kada ya kusanci tankinka, yana cin lafiyayyen ƙarfe tare da tsatsar. Da ka ɗauraye, ka busar nan take da iska mai ɗumi, don ƙarfe tsirara kan sake yin ja cikin mintuna.

Walda tana da wurinta, in hujin ya wuce na allura ko ɗinkin tanki ya buɗe. Amma fenti zai tafi, kuma tankin da ya shekara babu mai yana iya fashewa da tururin da ya rage a ciki, don haka aikin ƙwararre ne. Sabon tanki na kwaikwayo kuwa, sau da yawa kunnuwan da ake ɗaure shi da su ba sa zama daidai a kan firam. Tankin faiba, irin na Norton Commando na farko-farko, wani labari ne daban: etanol yana narkar da ƙaron da aka yi shi da shi, ya tura dagwalon cikin inji.

Sai famfo. In naka na asali ne na tagulla, gyara shi ya fi sayen sabo nesa ba kusa ba. Na baburan Ingila masu ja-da-turawa, irin na kamfanin Ewarts, ɓawon kok, irin wanda ake toshe kwalba da shi, ne ke toshe su, kuma in ya bushe ya ƙanƙance, jiƙa shi a tafasasshen ruwa kan kumbura shi ya koma aiki. Na Japan masu aiki da zuƙar inji, ’yar siririyar robar ciki ce ke yagewa, ana sayar da kayan canjinta. Ka nemi robar Viton, ita ke jure etanol. Ka kuma auna zaren ɗaurin famfon kafin ka yi oda: a ma'aunin Ingila da ake kira BSP, 1/4 BSP zare 19 ne a inci ɗaya, 1/8 BSP kuwa 28, kuma babu wanda ke shiga gurbin zaren ma'aunin milimita sai da ƙarfi, ƙarfin da zai lalata maka tanki.

A nan ne ’yan damfara suka fi yawa. Akwai famfon da za ka gani rawaya shar kamar tagulla, ashe tutiya ce aka yi wa rini. Mayen ƙarfe ba zai tona shi ba, don ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. Ka ɗan goga da magagari a ɓoyayyen wuri: tagulla rawaya ce har ciki, jabu kuwa sai ka ga toka-toka. Irinsa ne ke karyewa a wuyan zare lokacin ɗauri. Wasu kuma bututun rizab ɗinsu, wato na ɗan man da ake ragewa don ko-ta-kwana, tsawonsa ɗaya da na babban layi, ka ga ke nan ba ka da rizab, ba za ka sani ba sai ranar da mai ya ƙare. Tiyo ma haka: wanda ya dace da etanol yana ɗauke da rubutun SAE J30 R9, amma rubutu ba ya wahalar bugawa. Yanki ɗan guntu ka jiƙa a fetur mako ɗaya, in ya kumbura ko ya yi laushi, jefar.

Mafi muni su ne masu sayar da tsohon tanki da sunan an gyara. Fenti na sheƙi, ƙarƙashinsa fila ce, irin ta masu gyaran jikin mota, aka dankara a kan huji. Nan mayen ƙarfe yake aiki: bi da shi gindin tankin da gefen ɗinki, inda ya ƙi kamawa akwai magana. In mai shi ya ce an riga an shafa magani a ciki, tambaye shi wane iri. In ya fara kame-kame, ka ɗauka irin mai saluɓewar nan ne. Kafin ka biya, a toshe kafofi a hura iska kaɗan, kada ƙarfinta ya wuce psi 2 zuwa 3 a ma'aunin iska, a shafa ruwan sabulu a kan ɗinki a ga ko zai yi kumfa. Wanda ya hana ka wannan gwajin, bar masa tankinsa.