Ad Library na Meta: yana nuna tallan da ya tsallake tantancewa, ba wanda ya halatta ba

Ga mai tallan kwas ɗin koyon kasuwancin intanet ko harkar kamasho, jimla ɗaya irin "za ka riƙa samun dubu 300 duk wata" ta isa ta sa a ƙi tallansa, in abin ya maimaitu a kulle asusun. Shi ya sa da yawa ke leƙa Ad Library, rumbun da Meta ke baje tallace-tallacen da ke gudana a Facebook da Instagram. Kyauta ne. Ka zaɓi ƙasa, ka zaɓi rukunin dukkan tallace-tallace, ka rubuta kalma ko sunan shafi. Zai fito maka da rubutun, da hoto ko bidiyo, da ranar da tallan ya fara.

Ranar nan ita ce abin dubawa. Tallan da ya fara jiya ba ya nuna komai, don na'ura ce ke yawan tantancewar farko, kuma ana iya sauke talla bayan an amince da shi. Wanda ya yi wata uku yana tafiya ya fi cancantar nazari, kuma galibi za ka tarar yana faɗin abin da za a koyar, da tsawon lokaci, da kuɗin shiga, ba abin da za a samu ba.

Raunin rumbun babba ne. A Najeriya, tallan kasuwanci da aka ƙi ko aka sauke ba ya zama a rumbun, wato darasin da ya fi amfani shi ne ba ka gani. Alƙawarin da ake yi a WhatsApp bayan an latsa tallan ma babu shi, alhali can ake zuba ruwan ƙarya.

Sannan amincewar Meta ba lasisi ba ce. Dokar ARCON (hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya) ta 2022 ta wajabta tantance tallan da ake nufin 'yan Najeriya da shi kafin a sake shi, har na soshiyal midiya. In kuwa masu sayenka na Amurka, hukumar FTC mai kare masu saye a can ta fi tsauri. Tun 2009 ta daina karɓar ƙaramin rubutun nan na cewa ba kowa ke samun haka ba a matsayin kariya. A ƙa'idarta ta sayar da damar kasuwanci, duk adadin da ka ambata sai ka haɗa shi da lokacin da aka same shi, daga yaushe zuwa yaushe, da mutum nawa suka kai hakan, da kashi nawa ne cikin ɗari na masu saye. Hoton alat na banki, damin kuɗi a kan gado, sabuwar mota: duk iƙirarin samu ne ko ba a rubuta ko sisi ba. Waɗannan kuwa sun cika rumbun, mai kwaikwayo ya kula.

Wani tarkon da ba a cika lura da shi ba shi ne tambaya irin "Bashi ya yi maka katutu?". Meta na ƙin ta don tana nuni da halin aljihun mai kallo.

Mun ba Ad Library maki uku cikin biyar. Kafin ka tura talla, ka buɗe shafin da yake kaiwa ka karanta shi da ido ɗaya da tallan, don Meta na duba shi ma, kuma ka ajiye rasitai da bayanan da ke tabbatar da kowane adadi, bayan an cire kuɗin da aka kashe.