Ibrananci zalla ko a gauraya da Turanci?

Ɗaliban da ke haɗa zaman hirar Ibrananci a jami'o'in Amurka hanya biyu ce gabansu. Ta farko salon ulpan, makarantar koyon Ibrananci, irin na Ulpan Etzion da aka buɗe a Kudus a 1949, wato Ibrananci zalla, ko ruwa kake so sai ka ce mayim, gaskiya makonnin farko akwai wuya, sabon shiga sai ya yi tsit yana zare ido amma fa bakinsa na saurin buɗewa. Ta biyu a gauraya da Turanci, ɗaki zai cika kam, sai dai kafin ka ankara hira ta koma Turanci gaba ɗaya. Ni dai ta farko na zaɓa, amma a ware minti goma a ƙarshe don tambayoyi, musamman kan ƙirga, tunda a Ibrananci kalmar ƙirga namiji daban ta ƙirga mace daban.