Rediyon da ba ya kama tasha: ra'ayina kan na'urar sauraron hasken arewa

Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Eriya ce mai zuƙewa, da batir mai bolt 9, da ramin saka abin ji na kunne. Babu maɓallin neman tasha, sai na ƙara murya kawai. Ta intanet na saye ta bayan na zo karatu Tromso, can arewacin Norway, inda koren hasken arewa, wato aurora, ke yawo a sama daga Satumba zuwa Maris.

Aikinta kama igiyoyin rediyo masu ƙarancin kaɗawa da ake kira VLF, musamman waɗanda kaɗawarsu ba ta wuce sau 10,000 a daƙiƙa ba, ta mayar da su sauti kai tsaye. Ƙwayoyin lantarkin da ke gangarowa ta layukan maganaɗisun duniya su bugi iskar oksijin a nisan kilomita 100 ko fiye, har ta yi kore, su ne kuma ke haddasa wasu daga cikin igiyoyin. Wato ba ƙarar hasken kake ji ba, rediyon da ke tafe da shi ne.

A cikin gari kuwa asarar kuɗi ce. Da ka kunna, gurnanin wutar lantarki mai bugu 50 a daƙiƙa zai cika maka kunne, ba ka jin komai. Sai da na tsallaka tsibirin Kvaloya, na bar mota, na taka da ƙafa har turakun wuta suka ɓace mini, sannan ta nuna halinta. Farko ƙaras-ƙaras na walƙiya, daga hadarin da ke dubban kilomitoci nesa. Can sai wani shuuu mai tashi da sauka lokacin da hasken ya tsananta. Amma abin da ya biya ni kuɗina gab da asuba ya zo, bayan daren da Kp, ma'aunin hargitsin maganaɗisun duniya, ya hau: wasu 'yan sautuka masu hawa sama, wit-wit, ɗaya na bin ɗaya, sak kwaɗin fadama bayan ruwan Agusta. Na daɗe tsaye ban motsa ba.

Inda na ga aibinta: jikinka ne ke zame mata wayar da ke haɗa ta da ƙasa, don haka dole fatar hannunka ta taɓa ƙarfenta. A sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, cire safar hannu azaba ce. Batirin ma sanyi na kashe shi da wuri, shi ya sa nake ajiye na biyu a aljihun ciki. Ga waya: in tana kusa, ƙararta na shiga, sai a kashe ta.

Kada kuma mai saye ya sa ran jin igiyoyin aurora mafi ƙarfi, waɗanda ake kira AKR. Su sararin samaniya suke nufa, tauraron ɗan'adam ne ke kama su, kuma sun fi ƙarfin zangon wannan na'ura.

Wani abokina a Kano ya ce in aiko masa da ita. Na ce ya riƙe kuɗinsa, don a kusa da ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, walƙiya ce galibi zai ji. Wanda ke Norway, Sweden, Finland ko Kanada, kuma ba ya ƙyashin tafiya cikin dusar ƙanƙara da tsakar dare, ya saya, ya haɗa da siririyar safar hannu mai yankakken yatsa.