Chrony, ntpd ko OpenNTPD: wanne za ka ɗora wa agogon sabarka?

Agogon kwamfuta ba ya zama daidai don kansa. Ɗan kiristal ɗin da ke kaɗa masa lokaci yakan yi sauri ko nawa gwargwadon zafin ɗaki, daƙiƙoƙi su yi ta taruwa ba ka sani ba. Ranar da bambancin ya haura minti 5, Kerberos, tsarin tantance masu shiga kwamfutocin ofis, zai ƙi buɗe wa ma'aikata ƙofa, lambobin shiga masu sauyawa duk daƙiƙa 30 kuwa tun kafin nan sun daina karɓuwa. Maganin shi ne NTP, ƙa'idar daidaita agogon kwamfuta ta intanet da David Mills na Jami'ar Delaware ya fitar a 1985, wadda ke aiki ta tashar UDP 123. Manhajojin da ke jin wannan yare suna da yawa, waɗanda za mu duba a nan dukkansu kyauta ne, don haka abin da za ka kashe lokacinka ne.

Tsohon gida shi ne ntpd. Shi ne na asali, kuma har yau yana zuwa a cikin tsarin aikin kwamfuta na FreeBSD ba sai ka sauko da komai ba. Ƙarfinsa yana wajen direbobin agogunan rediyo da na GPS iri-iri, waɗanda aka tara shekaru ana rubutawa. Amma an gina shi ne da tunanin injin da ba ya mutuwa da layin da ba ya yankewa. Idan agogo ya kauce fiye da daƙiƙa 1000, ntpd sai ya yi fushi ya fita, sai dai in ka tashe shi da `-g`. Idan kuma ka hana shi tsalle, ka ce ya riƙa gyara a hankali, iyakar gudunsa kashi 500 cikin miliyan ne: daƙiƙa ɗaya tak za ta ci fiye da rabin awa, minti ɗaya kuwa ya haura kwana guda. Ga kuma tabon 2013 da 2014, lokacin da aka yi ta amfani da umarnin `monlist` na tsofaffin sigogi ana jefa wa wasu ambaliyar saƙonni. An toshe wannan, amma shi ya sa mutane suka fara waige-waige.

Chrony ya zo da wani tunani daban. Richard Curnow ya fara shi ne saboda injinan da ba kullum suke kan intanet ba, yanzu Miroslav Lichvar na Red Hat ke riƙe da shi, kuma tun RHEL 7, wato Linux ɗin kamfanin Red Hat, shi ne zaɓin farko a can. Duk wanda sabarsa ke zaune inda ake ɗauke wuta, janareta ya tashi ya mutu, batirin agogon injin ya tsufa, ya san darajar wannan layin:

`makestep 1.0 3`

Ma'anarsa, a gyare-gyare uku na farko bayan tashi, idan kuskuren ya wuce daƙiƙa ɗaya a yi tsalle kawai a daidaita, daga nan a koma tafiyar hankali. Yana kama lokaci da wuri, yana jure layi mai cunkoso, kuma tun siga ta 4.0 a 2020 yana da NTS, wato tabbatar da cewa sabar da ke ba ka lokaci ita ce da gaske. Sai dai ka tuna buɗe tashar TCP 4460 domin wannan. A ganina, ga mafi yawan masu Linux, maganar ta ƙare a nan.

OpenNTPD, wanda ya fito tare da tsarin aikin kwamfuta na OpenBSD 3.6 a 2004, ƙarami ne, fayil ɗin saitinsa layuka kaɗan. Yana da wata dabara mai kyau: ya tambayi wani shafin HTTPS ƙarfe nawa, ya yi watsi da duk sabar da ta yi nisa da amsar. A OpenBSD ka bar shi yadda yake. A Linux dabarar tana buƙatar libtls, wata manhajar tsaron sadarwa, kuma bai kai chrony kaifin daidaito ba. Shi kuwa systemd-timesyncd, sabar ɗaya yake saurara a lokaci guda kuma ba ya raba wa wasu lokaci. Ya ishi laftop, bai ishi ofis ba. NTPsec reshe ne na ntpd da aka zubar wa tsohon kaya, shi Debian 12 ta sa a madadin tsohon.

Saura batun haɗawa daga tushe, wato ka gina manhajar da kanka daga lambobinta maimakon ɗaukar fakiti, shiryayyiyar manhajar da tsarinka ke bayarwa. Da chrony da ntpd hanyar ɗaya ce: `./configure`, `make`, sannan `make install` da ikon root. NTPsec da waf ake haɗa shi, kayan haɗawa da aka rubuta da yaren Python, don haka sai da Python. Inda ake tuntuɓe shi ne, idan babu fayilolin masu haɗawa na GnuTLS, manhajar tsaron sadarwa, chrony zai haɗu lafiya lau amma babu NTS. Duba `chronyd -v` ka ga ko akwai +NTS. Na biyu, kayan za su sauka a `/usr/local` alhali na fakitin yana nan yana aiki, biyun su yi ta jan agogo ɗaya suna rigima kan tasha 123. Kashe tsohon tukuna. Na uku, fayil ɗin tayarwa da asusun da manhajar za ta zauna a ƙarƙashinsa duk a wuyanka suke, haka ma bibiyar gyaran tsaro har abada. In ba wata siga ko direba kake nema wadda fakitin tsarinka ba shi da ita ba, ɗauki fakiti.

Ko wanne ka zaɓa, ba shi sabar huɗu, ko layin `pool` ɗaya, wato adireshin tarin sabobi, kamar `africa.pool.ntp.org`, domin da biyu kawai ba zai san mai ƙarya ba idan sun saɓa. Kada ka cuɗa `time.google.com` da na pool, saboda Google shimfiɗa ƙarin daƙiƙar da akan saka wa agogon duniya lokaci-lokaci take yi cikin awanni, sauran kuwa sakawa suke yi lokaci ɗaya. Bayan 'yan mintoci buga `chronyc sources` in chrony ne, ko `ntpq -p` in ntpd ne. Layin da ke da alamar tauraro shi ne sabar da agogonka ke bi.