Duke Ellington ko Count Basie?

Su biyun duk makaɗan piano ne na kiɗan jazz a Amurka amma wallahi salonsu ya sha bamban. Ellington a 1927 ya fara tashe a gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem a New York, kiɗansa na a zauna a kasa kunne ne, ga Johnny Hodges yana busa saksofon mai ratsa jiki, kuma fa Take the A Train ɗin da aka san shi da ita Billy Strayhorn ne ya tsara ta. Basie kuwa ƙungiyarsa daga Kansas City ta taso, shi piano ɗin ma kaɗan-kaɗan yake taɓawa sai ya bar wa su Lester Young mai busa saksofon fili. Kunna One O'Clock Jump ta 1937 ka gani ko ƙafarka za ta tsaya. Ni dai in rawa ce, Basie.