Tsiro ko dankali a kunun zaƙin farko?

Wata ƙanwarmu amarya daga Ƙofar Sauri a Katsina ta yi tambaya jiya. Tana so ta dama kunun zaƙi karon farko a ɗakinta, wasu sun ce ta sa tsiro, wato hatsin da aka jiƙa har ya tsira, wasu sun ce busasshen dankali, wata kuma ta tsorata ta cewa ai da tsiro ake yin burukutu. To ƙanwata, ga abin da na sani.

Idan kin sheƙa tafasasshen ruwa a ƙullun gero, kauri zai yi kamar koko. Abin da ke tsinka wannan kaurin ya fito da zaƙi wani sinadari ne da ake kira amiles, yana cikin tsiro, yana cikin dankalin Hausa. Shi ke narkar da sitacin gero ya koma sukari. Sai dai kowanne da inda ya fi ƙarfi. Dankali ya fi ba da zaƙi, tsiron dawa kuwa ya fi tsinka kauri, ga wani ƙamshi da dankali ba ya da shi. Shi ya sa za ki ga tsofaffin hannu suna haɗa su biyun.

Dankali ba shi da wahala. Ki aika kasuwar 'Yar Kutungu a sayo busasshe, ki tsince wanda ya yi baƙi ko ƙwari suka huda, don shi ke kawo ɗaci, ki jiƙa, a markaɗa da citta da kanumfari da masoro. Shi ke nan.

Tsiro ne mai son haƙuri. Ki jiƙa dawa ko shinkafa mai ɓawo kwana ɗaya, ki tsane, ki shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen buhu cikin inuwa ki rufe, kina yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 3 zuwa 4. In ya fito ki shanya a rana ya bushe ƙayau. Daga nan sai ki murza da hannu, ki bushe a faifai har saiwar da ɗan tohon su fita duka. Don Allah kada ki tsallake wannan idan dawa ce. Tohon dawa yana da guba, manoma sun sani, shi ya sa ba su barin dabba ta ci ƙaramar dawa, musamman wadda fari ya kama. Da damina kuma tsiro kan yi fumfuna cikin sauƙi. Kin ga fari-fari ko kore a kai, zubarwa za ki yi, ba wankewa ba.

Akwai inda su biyun suke da rauni ɗaya: tafasasshen ruwa yana kashe su. Nan ne yawancin masu farawa suke ɓata kunu, ni ma nan na ɓata nawa na farko. Na juye markaɗaɗɗen tsiron cikin ƙullu yana tsakiyar tururi, na rufe, da safe na tarar da shi da kaurinsa yadda na bar shi. Abin ya yi mini ciwo, don baƙi nake jira. Ki raba ƙullun uku. Kashi biyu ki dama da ruwan da ya tafasa, ki yi ta juyawa kamar minti 10 har tururin ya lafa. Zafin da ake so tsakanin digiri 60 ne zuwa 70, wato ki iya dafa gefen robar amma ba ki iya daɗewa. Sannan ki zuba ɗanyen kashin da kika haɗa da dankali ko tsiro. Kina juyawa za ki ji muciya ta fara sakin hannu.

Maganar burukutu kuwa, gaskiya ne da tsiron dawa ake fara shi, kamar yadda ake fara giyar Turawa da tsiron sha'ir. Amma Maltinar da muke rabawa a biki ma daga tsiro ta fito. Tsiro iyakarsa ya ba da sukari. Yis ne ke cin sukarin ya mayar da shi barasa, kuma sai ya samu ɗumi da lokaci. Kunun dankali ma in kin bar shi kwanaki a zafi hanyar zai bi, don yis yana nan a iska da jikin hatsi. Ya tabbata a hadisi cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. Mu kuwa a zafin Afrilu na Katsina, da rana kan wuce digiri 40, kunu ba ya kai haka. Ki dama da daddare, ki tace da asuba, a shanye a ranar in ba firij. Da sanyin Janairu ne yakan ɗan ƙara kwana. In gora ta kumbura, ko kin buɗe ta yi tsiit da kumfa, ko warin ya hau hanci, ya wuce sha.

Ni dai shawarata ki fara da dankali. Gero gwangwanin madara 6, busasshen dankali cikin tafin hannu biyu, kayan ƙamshi daidai bakinki. Kada ki fara da tiya guda, in ya ɓaci asarar ta yi yawa. Sukari sai bayan kin tace kin ɗanɗana, don da shi a ciki ya fi saurin tsami. In hannunki ya faɗa sau biyu ko uku, sai ki ƙara tsiron shinkafa gwangwani ɗaya a kan dankalin, kuma ki jira bayan damina kafin ki yi naki tsiron a gida.