Audacity ta fitar da ni kunya a aikin bidiyon biki

Duk mai haɗa bidiyon biki ya san wahalar waƙar amarya. Mawaƙi ya yi ta a situdiyo, a turo maka ita MP3, a wurin dina kuma ya riƙe makirufo yana bin ta da baki. Aikinka shi ne ka ɗora tsabtatacciyar waƙar a kan hoto, baki ya zo daidai da murya. A wani aiki da na karɓa kwanan baya, farkon waƙar ya zauna daram, amma kafin a kai baitin da yake kiran sunayen dangin ango, murya ta riga baki. In na ja ta baya, farko ya goce. Da na yanka ta gunduwa-gunduwa sai wani ɗan ƙas-ƙas ya riƙa fitowa a kowace gaɓa. Ga Hajiya, uwar amarya, tana ta kira: "Ɗana, 'yan uwa na jira fa."

Cikin wannan ruɗani na biya kuɗin wata manhajar waya da ke tallar juya kowace irin waƙa zuwa WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba kamar MP3. Wallahi ban taɓa jin takaicin kuɗina irin na ranar ba. Ta fitar da fayil ɗin, amma ta cinye bugun kalangun da ya buɗe waƙar, ta kuma haɗe sautin dama da na hagu ya koma guda. Tallar da aka ce za ta ɗauke in an biya, ba ta ɗauke ba. Na rubuta musu, shiru kake ji.

Wani abokin sana'a ne ya ce in sauke Audacity, manhajar tace sauti, a kwamfuta, kyauta ce. Shi ya fahimtar da ni tushen matsalar: waƙar irin MP3 ɗin nan ce da ake kira VBR, wadda nauyin bayananta ke hawa da sauka gwargwadon cikar kiɗa, kuma wasu manhajojin tace bidiyo kan kasa lissafa tsawonta daidai. Na buɗe ta a Audacity, na fitar da ita WAV, 16-bit, a kan 48000 Hz, domin shi ne ma'aunin sautin bidiyo, alhali yawancin waƙoƙi a 44100 suke zuwa. Na ɗora, na daidaita bugun farko, na zauna ina kallon bakin mawaƙin har ƙarshe. Bai goce ko kaɗan ba. Sai da na yi hamdala a fili.

Amma kada wani ya ɗauka juyawa zuwa WAV tana gyara sauti. Abin da MP3 ta zubar lokacin matsewa ya tafi ke nan. Wannan ne ke ƙona mini rai da masu biki: wani sai ya kunna waƙa a lasifika, ya naɗa ta da saƙon murya na WhatsApp, ya turo maka har da kukan yara da ƙarar janareta, sannan ya ce me ya sa ba ta fita tas ba. Yanzu nakan nemi lambar situdiyon in karɓi asalin fayil daga hannunsu.

Sai kuma nauyi. Waƙar da minti ɗayanta bai wuce megabait 1 ba a MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa, a WAV takan haura megabait 11, don haka a tanadi wuri. Mai fayil ɗin sauti irin M4A kuma sai ya ƙara sauke wata 'yar manhaja mai suna FFmpeg kafin Audacity ta buɗe shi, ni ma na yi, bai ɗau lokaci ba.

Waccan manhajar wayar kuwa, da wata ya zagayo ta sake cire mini kuɗi daga kati, bayan na riga na goge ta. Har yanzu ban samu wanda zai amsa mini ba.